Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni 'yar fari ce, kuma a danginmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Inna, mahaifiyata, ba ta kiran sunana. Kunyar ɗan fari ke nan kamar yadda suka gada: ba ta kallona ido da ido, ba ta cin abinci a gabana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Fakku, a ƙasar Kebbe, aka kai ni Tambuwal wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ta riƙe ni, ita ta sa ni boko. Idan Inna tana son gaya mini wani abu, ko da tsakaninmu bai fi taku biyu ba, sai ta juya wajen Gwaggo ta ce, "Ki ce ma waccan ta gyara kallabinta." Waccan! Da wannan sunan na girma a bakin uwata, kuma ba zan ɓoye ba, ya sha ƙona mini rai.

Aikina bincike ne a kan ciwon daji, musamman sankarar mama. Ni ba likitar da ke duba marasa lafiya ba ce, ko da yake bakina ya gaji da faɗa wa dangi haka, har yau duk mai ciwon baya ni yake nema. A ɗakin gwaji na jami'a nake wuni, ina leƙen ƙwayoyin jikin mutum ta madubin ƙara girma, in na gano wani abu in rubuta maƙala in tura wa mujallar masana. A wannan sana'a ba a tambayar yawan zufar da ka zubar. Abin da ake dubawa shi ne maƙala nawa ka buga, kuma sau nawa wasu masu bincike suka ambaci sunanka a cikin nasu rubutun. Akwai shafi a intanet da ke tara wa kowa lambarsa, kuma da ita ake duba ƙarin girma.

Wannan lamba ta kama ni kamun gaske. Ina sallame sallar asuba, tun ban taɓa carbi ba, sai hannuna ya kai kan waya. In ta ƙaru da ɗaya, ranar har masu shara sai sun ga haƙorana. In ta yi mako ba ta motsa ba, ɗalibaina su suka san abin da suke sha a hannuna. Mutane a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna rubuta sunana, wasu ma da kuskuren harafi, ni kuwa ina jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata. Na san dalili, sai dai a lokacin ban yarda in faɗa wa kaina ba.

A babbar sallar da ta gabaci abin da zan ba da labari, Inna ta zo Tambuwal ta yi kwana uku. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka takan zo wurin Gwaggo a ci nama tare. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, ina nuna wa Gwaggo shafin a wayata, ina ta zuba.

Gwaggo ta karkata kai ta ce, "To su waɗanga masu ambaton naki, sun san ki?"

Na ce, "Ba su san ni ba, Gwaggo. Aikina suka karanta."

"Ikon Allah. Kuma kullum sai kin ƙidaya su awa awaki?"

Na yi dariya. Inna tana gefe, ta ba mu rabin baya, tana tsince shinkafa a faifai. Da hannun hagu take tsintar, na dama kuwa ta manne shi a jikinta. Wallahi na gani. Na ce, "Gwaggo, hannun Inna fa?" Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Ki ce mata sanyi na." Ni kuma, da duk karatuna, na ce Allah ya sawwaƙe, na yi alkawarin aiko da man shafawa, na mai da idona kan waya.

Damina ta yi tsakiya, wata Talata da safe ina ofis ina jera maƙaluna a fayil don neman ƙarin girma, sai ga kiran Gwaggo. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ki taho gida."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Uwakki ta. Na je suna ƙauye, na iske ta tana shafa wani baƙin magani ga ƙirji. Akwai ƙululu ga mamanta na dama. Tac ce tun damanar bara."

Na ce, "Tun yaushe?" don in ji ko kunnena ne. Ta maimaita. Sai na zauna a kan fayil ɗin ban sani ba. Shekara guda! Babu maƙalar da na rubuta wadda ban buɗe ta da kukan cewa matanmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa ba. Na rubuta wannan jimla har na haddace ta, kuma ina rubuta ta ne kamar ina maganar wasu mata can da ban haɗa komai da su ba.

Na kwana Tambuwal, washegari ni da Gwaggo muka hau mota zuwa Kebbe, daga nan muka hau kabu-kabu, don ruwa ya cinye hanyar ƙauyen. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, mashin yana zamewa a taɓo, Gwaggo tana ta salati a gaba, ni kuwa ban ji tsoron faɗuwa ba ko kaɗan. Tsoron da ke cikina ya fi wannan. Mai ilimin abu ba ya samun sauƙin da jahilinsa ke samu. Duk hanyar da wannan ciwo ke bi a jiki na san ta: daga mama zuwa hammata, daga nan ƙashi, huhu, hanta. Tun daga Kebbe har ƙofar gida ita nake bi a kaina, ina kai ƙarshe ina sake farowa.

Inna tana jin sallamata ta shige ɗaki ta saki labule. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa wa Gwaggo. Na ce ina son in ga wurin. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Ki ce mata ko gawata ba ita ka wankewa ba, balle."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Gwaggo! Nonon nan fa shi na sha!"

Gwaggo ta daka mini tsawa. "Rufe min baki, marar kunya! Boko ya cinye miki kai? Tsaya nan. Ni in shiga, ke ki faɗi abin da za a duba."

Haka aka yi. Ina tsaye a waje, goshina ya kusa taɓa labulen, wani tsohon labule mai zanen furanni da rana ta cinye, ina jefa tambaya, Gwaggo tana taɓawa tana ba ni amsa.

"Yana mata zafi in kin danna?"

"Tac ce ba shi zafi."

Da ma ya yi zafi. "Taushi gare shi ko tauri?"

"Tauri. Awa ɗanyar goriba."

"Ki tura shi da yatsa. Yana gudu ƙarƙashin fata?"

Ta ɗan jima. "Ba shi motsi. Ya kafe."

"Fatar wurin fa? Ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo?"

"Ke, ya anka yi kinka sani?"

Na ce ta duba kan maman, ta ce ya shige ciki. Na ce ta sa hannu a hammata ta lalluba a hankali. Na ji Inna tana cewa kaluluwa ce kawai, ta tuntuɓen da ta yi a gona. Gwaggo ta ce, "Akwai guda biyu. Kai, ga wata ƙarama." Daga nan ban sake tambaya ba. Na dafa bangon ɗakin, ƙasar jiƙaƙƙiya tana manne mini a tafin hannu. Kowace amsa da ta fito daga bayan labulen nan na taɓa rubuta ta da Turanci, cikin kwanciyar hankali, da kofin shayi a gefena.

Na ce gobe sai Sakkwato, babban asibiti, a tsakuro ɗan nama da allura a kai gwaji. Nan aka yi ta. Inna ta ce atafau. Kowa a ƙauyen ya san daji ba ya son ƙarfe, in ji ta, ana taɓa shi da allura ko wuƙa zai fusata ya watsu. Ga wata mai magani a Sanyinna da ke haɗa mata na shafawa, kuma ta fara ganin sauƙi. Na yi bayani ta labule har muryata ta dishe. Na ce allura ba ta watsa shi, jinkiri ke watsa shi. Na ce waɗanda suka ga sun mutu bayan an yi musu aiki, sun je ne a makare. Gwaggo ma ta sa baki, ta ɗauko abin da na taɓa yi mata burga da shi.

"Ke, ɗiyag ga taki, masana na duniya ka karanta maganatta suna aiki da ita. Sunanta na cikin littattafan mutanen da ko garinsu ba mu iya faɗi. Ke ɗai ta ba ki jin tata?"

Inna ta ce, "Su ba su haife ta ba."

Ni a nan hankalina ya gushe. Na jawo turmi na kifa shi a ƙofar ɗakinta, na zauna, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Na ce na rantse ba zan tashi daga nan ba sai da ita, aiki ya lalace, ƙarin girma ya bi ruwa. Ba dabara na yi ba, haushi ne da tsoro kawai. Ashe kuwa na taka inda ya dace.

Domin Inna ba ta iya rayuwa ina kallonta. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta iya fitowa da zanen wanka, ko buta za ta ɗauka sai ta lulluɓe har ido ta raɓa ta gefena kamar baƙuwa. Sallah kaɗai ke tayar da ni daga turmin, sai kuma barci, shi ma a tabarma a gindin ƙofar. Rana ta biyu aka yi ruwa, na ƙi matsawa, na jiƙe sharkaf. Matan unguwa suka fara shigowa da sunan aron rariya, suna leƙena suna ƙunshe dariya. Ni kuwa ba dariya a raina. Duk tarin da ta yi a ɗaki sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan ya kai huhu. Duk juyin da ta yi ta ce wash, in ce ƙashi ne.

Rana ta uku da hantsi na ji ta kira Gwaggo. "Ki ce mata ta tashi min daga ƙofa, ta mai da ni abin kallo. Za ni asibitin. In ƙarfen ya kashe ni, ita ta ja."

Wannan magana ta ƙarshe ta bi ni har Sakkwato. Na san ba gaskiya ba ce, na san allura ba ta yin abin da take tsoro, amma da aka shiga da ita ɗakin da ake tsakuro naman, aka bar ni a benci, sai na kama kaina ina gaskata maganar kamar ban taɓa shiga aji ba. Gwaggo ce ta shiga da ita, ita ta ba ni labari daga baya. Da nas ta tambayi wanda za a rubuta a matsayin mai kula da ita, Inna ta nuna ƙofa da haɓa ta ce, "Waccan ta waje." Gwaggo ce ta faɗi sunan.

Sakamako sai bayan kusan mako biyu. Muka koma Tambuwal muka jira a gidan Gwaggo. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Wayata takan yi ƙara ta sanar da ni wani ya ambaci maƙalata, in kalli saƙon kamar an aiko wa wata. Har na buɗe ɗaya daga cikin maƙalun nawa ina neman ko layi guda da zai kwantar mini da hankali. Babu. Rubutu ne mai kyau, ba kuskure a ciki, kuma ba a yi shi don 'yar da uwarta ke kwance a ɗakin kusa ba.

Ranar da na karɓo takardar, ni kaɗai na je. Tun kafin likita ya buɗe baki na karanta ta a juye a kan teburinsa, na gane kowace kalma. Sankara ce, kuma ta kai hammata. Hoton da aka ɗauka bai nuna ta a huhu ko hanta ba, wannan kaɗai na riƙe. Likitan ya san aikina, ya ce, "Ke ba sai na yi miki dogon bayani ba." Na so in ce masa don Allah ya yi mini, ya yi mini kamar ban san komai ba, ko na sami minti biyar na rashin sani. Na dai yi godiya na fito.

Na iso Tambuwal bayan la'asar. Gwaggo ta tafi ta'aziyya bayan kasuwa, gidan ba kowa sai Inna, tana zaune a tabarma a inuwar zaure tana jan carbi da hannun hagu. Tunda nake, ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu ba tare da wani a tsakani ba. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na wuce zan shiga ɗaki in jira Gwaggo, don ban san ta inda zan fara ba.

Sai na ji an kira sunana.

Na waiga wajen ƙofar gida, na zaci wata maƙwabciya ce ta shigo. Ba kowa. Ta sake kira. Cikakken sunan, wanda aka raɗa mini ranar suna, ba guntun da ƙawaye ke kira ba, ba kuma wanda ake rubutawa a mujalla da harafi ɗaya da ɗigo ba. A bakinta ya fito da ɗan tauri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Kuma tana kallona, ido cikin ido.

Shekara arba'in da wani abu ina jiran wannan. Tun ina yarinya nake raya yadda zai kasance, ina cewa ranar zan yi kuka don daɗi. Wallahi ba daɗin da na ji. Tsoro ne ya rufe ni, irin wanda ban ji ba ko a bakin labule, ko a gaban likita. Macen da ta riƙe kunyarta tsawon rayuwata ba za ta ajiye ta haka kawai ba, sai in ta ga tafiya ta zo.

Ta ce, "Zamna." Na zauna. "Ba ni son ta bakin Gwaggonki, ita tausayi gare ta. Ke ki gaya min. Abin ga kashe ni za shi yi?"

Na ce, "Inna, daji ne. Ya yi nisa, amma bai kai inda ba a iya komai ba. Za a ba ki magani mai ƙarfi ta jijiya, zai wahalar da ke, gashinki zai zube. Daga baya a yi aiki a cire."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Inna."

"Ke da duniya ka kiran sunanki, ba ki sani ba?"

"Ban sani ba."

Ta zuba mini ido, ta kalli goshina, ta kalli hannuwana, a hankali, kamar mai duba abin da ta ba da ajiya tun da daɗewa. Sannan ta ce likkafaninta yana ƙasan adaka, a naɗe cikin farin buhu, kada a tsaya neman wani. Na fashe da kuka na ce ta daina, don girman Allah ta daina. Ta ce, "To na daina. Ki kai ni a yi maganin. Tunda kin ce ba ki sani ba, na yarda ba ki yi min ƙarya." Muna jin sallamar Gwaggo a ƙofa ta ja mayafi ta juya mini baya.

An yi maganin, ta sha wuya ba kaɗan ba. An yi aikin. Yanzu tana Tambuwal wurin Gwaggo, ta rame, gashin ya fara tsirowa fari fat, kuma duk bayan 'yan watanni nakan zo in kai ta a duba. Kowane zuwa sai na kasa cin abinci tun ana gobe. Ƙarin girman ya zo daga baya, lambar ma tana ta hawa abinta, ɗalibaina ne ke gaya mini, ni na cire sanarwar daga wayata.

Inna ba ta sake kiran sunana ba tun daga ranar. Duk lokacin da na iso gidan, nakan tsaya a zaure da jakata a hannu, gabana yana dukan uku-uku, in yi sallama in kasa kunne. Makon jiya ma haka na tsaya. Na ji motsinta a tsakar gida, na ji ta yi gyaran murya, ni kuwa numfashina ya tsaya.

Ta ce, "Ki ce ma waccan ta shigo, ta tsaya ma mutane a hanya."

Na ce alhamdu lillahi a fili, na shiga.